Kiwon Ɓeran Masar: Kada a Haɗa Baƙo da 'Yan Gida Ran da Ya Iso

Darasin wannan fitowa domin iyalan da suke kiwon ɓeran Masar ne, da waɗanda suke jiran nasu rabo. Ko da yake sunansa ke nan, ba daga Masar ya fito ba. Asalinsa duwatsun Kudancin Amurka ne, wajen Peru da Bolibiya, inda aka daɗe ana cin namansa. A yammacin Kamaru da gabashin Kwango ma iyalai da yawa suna kiwonsa.

A wani ƙauye da muka ziyarta, wata mama ta sayo mata biyu a kasuwa don ta ƙara iri. Da yamma ta zuba su cikin nata. Ɗaya tana atishawa, amma ba wanda ya kula. Kafin wata ya ƙare yawancinsu sun mutu, har da 'ya'yan da aka shirya za ta miƙa wa gwauruwar da take biye da ita. Mu ma da laifinmu, gama mun koyar da ciyarwa, ba mu koyar da keɓewa ba.

Ku karanta Littafin Firistoci 13:1-8. A can firist yakan keɓe mai tabo a fata kwana 7, ya duba shi, in akwai shakka ya ƙara kwana 7. Ba ƙiyayya ce ta sa haka ba, kiyaye sauran jama'a ne. Ga ɓeran Masar muna roƙon kwana 21, domin dabba ce mai ɓoye ciwo. Sai ka gan shi yana cin ciyawa lafiya, alhali cuta tana jikinsa.

Masaukin baƙo ba ya bukatar kuɗi. Babban kwando, ko tsohon akwatin katako, ko jerin tubali biyu a kusurwar ɗaki ya isa, tun da ba ya hawa, ba ya tsalle mai nisa. Abin da zai shigo daga waje shi ne abin tsoro: kyanwa, kare, gafiya, maciji. Saboda haka a rufe sama da raga. Amma kada a sa raga a ƙasa, tana ji masa ciwo a tafin ƙafa. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa, a riƙa canza ta, a kifa tsohuwar tukunya mai fasasshen baki don ya sami wurin ɓuya. A ajiye shi a inuwa, gama zafi yana kashe shi da sauri, kuma a wani ɗaki dabam da na 'yan gida. A fara ciyar da 'yan gida, sa'an nan baƙo, a wanke hannu da sabulu. Kasko da tsintsiya kowa da nasa.

Kowace safiya a duba hanci da ido ko suna ruwa, a duba zawo, da zubar gashi, da yawan susa. Makero yana iya kama yara daga jikinsa. A ba shi ɗanyen ganye kullum, kamar ganyen dankalin Hausa da ciyawa mai laushi, domin jikinsa kamar namu ne, ba ya yin bitamin C da kansa. In ya yi ciwo a nemi malamin dabbobi. Kada a ɗura masa fenisilin ko amfisilin na mutane, suna kashe shi.

Bayan kwana 21, in lafiya, a matso da masaukin kusa da 'yan gida su shaƙi juna ta raga kwana biyu ko uku. Ranar haɗawa a kai su wurin da ba na kowa ba a cikinsu, a tara ganye tsibi biyu ko uku, a zauna a sa ido. Za su yi gurnani, su kori juna, su hau juna, su kaɗa haƙora. A bar su, girma suke rabawa. In kuwa sun dunƙule da cizo har jini ya fita, a raba su da faifai ko zane, ba da hannu ba. A wanke tsohon gidan, a sa sabuwar shimfiɗa kafin su koma tare.

Manyan maza biyu a tsakiyar mata faɗa ne kawai, namiji ɗaya ya ishi mata da yawa. A tabbatar da mace da namiji tun a masauki, gama mace tana iya ɗaukar ciki tun tana 'yar wata guda, cikin kuwa wata biyu da 'yan kwanaki ne. Zomo kuma kada ya kwana da su sam. Yana ɗauke da ƙwayar cutar huhu da sau da yawa ba ta damunsa, amma tana kayar da ɓeran Masar, ga harbi da ƙafar baya.

Muna roƙon shugabannin zumuntar mata su karanta wannan a taron mako. Duk iyalin da za su karɓa a zagaye mai zuwa, a je a ga masaukin da ido kafin a ba su.