Amosanin Gaɓɓai: Gado Ne, Ko Hayaƙi Da Ƙura?

Da asuba ake gane shi. Mace ta tashi alwala, yatsu sun ƙi lanƙwasuwa, buta ma sai da hannu biyu. Sai hantsi ya ɗaga hannun zai saki, kuma abin da ya kama na dama shi ya kama na hagu. A gida sai a ce sanyin ƙashi ne, ai haka kakarta ta yi fama.

Likitoci suna kiran wannan nau'i rumatoyid, kuma ba shi ne zaizayewar gwiwa da tsufa ke kawowa ba. A nan garkuwar jiki ce take juyowa ta far wa tantanin da ya lulluɓe gaɓa, ya kumbura, a hankali ya ci guringuntsi da ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 18 ke ɗauke da shi a 2019, kusan kashi 70 cikin 100 mata ne.

Maganar kaka tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta cika ba. Tun 1987 masu bincike a Amurka suka nuna cewa wasu nau'o'in ƙwayar gado mai suna HLA-DRB1 suna ƙara haɗarin kamuwa. To sai dai ga tagwaye masu kama ɗaya, waɗanda ƙwayoyin gadonsu iri ɗaya ne: idan Hassana ta kamu, sau kusan 15 kacal cikin 100 ake samun Hussaina ma ta kamu. Ke nan abin da ake gada shi ne saurin kamuwa, sai wani abu daga waje ya zo ya tayar da ciwon.

Babban mai tayar da shi, taba. Binciken da masanan Cibiyar Karolinska ta Suwidin suka wallafa a 2006 ya gano cewa mai shan taba da ya gaji irin waɗancan nau'o'in ƙwayar daga uwa da uba duka, haɗarinsa na kamuwa da nau'in da ake gani a gwajin jini ya ninka kusan sau 21 kan wanda ba ya sha kuma bai gada ba. Hayaƙi yana sauya siffar wasu sinadaran furotin a huhu, garkuwar jiki ta ɗauke su baƙi, ta ƙera makamai a kansu. Makaman nan kan yi shekaru suna yawo a jini kafin yatsa ko ɗaya ya kumbura. Abin mamaki, ciwon hannu ne, amma sau da yawa daga ƙirji yake tasowa.

Ƙurar dutse ma haka take. A 1953 likita Anthony Caplan ya bayyana haɗuwar wannan ciwo da tabon huhu a jikin masu haƙar kwal na yankin Wales a Birtaniya. Mai fasa dutse a kwari da mai niƙa dutsen zinariya a Zamfara, irin ƙurar silikar da ake zargi suke shaƙa, galibi ba ko ƙyalle a hanci. Ruɓewar dasashi da ƙiba su ma an alaƙanta su da ciwon, ko da yake hujjarsu ba ta kai ta taba ƙarfi ba.

Wanda ciwon ke cikin danginsa ba ya bukatar gwajin ƙwayoyin gado. Abin da zai amfane shi shi ne ya rabu da sigari da shisha, tun da wuri kuwa, domin haɗarin ba ya sauka sai a hankali cikin shekaru. Mai aikin dutse ya jiƙa shi kafin niƙa, ya sa takunkumi na ƙwarai. Dasashi mai jini kuma a kai shi wurin likitan haƙori.

Idan yatsu suka yi makonni suna kumbura, sanƙarewar safe ta wuce rabin awa, asibiti za a nufa a yi gwajin jini na RF da anti-CCP. Kuskuren da ya fi yawa shi ne zarya zuwa kemis sayen dexamethasone: zafi zai lafa, fuska ta yi ɓulɓul har a yi zaton lafiya ce, alhali ƙashi na raunana, sukari da hawan jini na tashi. Maganin da ke taka wa ciwon burki, irin su methotrexate, ya fi aiki idan aka fara shi a watannin farko, kafin yatsu su karkace. Mai juna biyu ko mai neman haihuwa lallai ta sanar da likita tukuna, domin methotrexate yana illa ga ɗan tayi.