Darasi A Kan "Ɗan Gari" Da "Ɗan Birni"

Kowane malami wata rana sai an tura shi garin da ba a yanke masa cibiya ba. Ran da ya sauka, abu na farko da zai buƙata shi ne sunan da zai kira mutanen wurin. To, akwai sunaye biyu da ke yawo bakin kowa, watau "ɗan gari" da "ɗan birni". A ido kamar wa da ƙane suke, amma ɗaya yana buɗe maka ƙofa, ɗaya kuwa yana iya jawo maka mari. Saboda haka ya kamata mu dube su da kyau.

Bari mu fara da gininsu. Namiji ɗan gari, mace 'yar gari, jam'i 'yan gari. Haka kuma ɗan birni, 'yar birni, 'yan birni. "Ɗan" a nan ba ƙanƙanta yake nufi ba, nufinsa mutumin wuri kaza, kamar yadda mukan ce ɗan kasuwa ko ɗan makaranta. Dattijo mai furfura ma ɗan gari ne.

Ga ɗan gari cikin maganar yau da kullum:

1. "Tambayi wancan, ɗan gari ne." Watau a nan aka haife shi, ya san hanya.
2. "'Yan gari ba su sayen itace da wannan tsada." Watau baƙo kaɗai ake yi wa wannan ciniki.
3. "Kai Malam, ai ka zama ɗan gari!" Wannan yabo ne ga baƙon da ya saba, ya san lungu, ya san gaisuwar wurin.
4. "Wannan ɗan garinmu ne." Ku lura, da aka ƙara "mu" sai magana ta juya, ta koma wanda muka fito gari ɗaya da shi, ko da a Kumasi muka gamu.

Hausawa sun daɗe da sanin darajar wannan mutum, shi ya sa suka ce da ɗan gari akan ci gari. Suka kuma ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Raɓa da hantsi ya yi ta tafi, kaba kuwa tana nan inda ta tsiro.

Amma fa akwai rami biyu a kan hanya. Na ɗaya, in ka ce "Mun kwana a wani ɗan gari", ba mutum kake nufi ba, ƙaramin gari ke nan. Na biyu, in mace ta ce "Ba ni ɗan gari in dama kunu", garin hatsi take so. A baki bambancin a fili yake, gama wasalin farko na garin tuwo ana jansa, na garin zama kuwa gajere ne. A rubutun boko ba a nuna wannan, sai sauran magana ta raba gardama. Wanda zai koya wa yara karatu ya riƙe wannan.

Sai ɗan birni. Asalinsa ba shi da aibu ko kaɗan. Birni shi ne gari mai ganuwa, irin su Kano da Katsina da Zariya, ɗan birni kuwa wanda gidansu ke cikin ganuwa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, baƙi suka yi ta kwarara, aka yanka musu Sabon Gari a bayan ganuwa, sai rabuwar birni da waje ta ƙara fitowa fili. Haka Zariya take da birni, da Tudun Wada, da Sabon Gari. Saboda haka in mutum ya ce "Ni ɗan birni ne, ba ɗan waje ba", asalinsa yake faɗi, da alfahari kuwa.

Amma bakin kasuwa ya ɗora wa kalmar wani kaya. Mutumin ƙauye ya kawo hatsinsa, wani mai zaƙin baki ya tare shi a ƙofa, ya raba shi da kuɗinsa. Da ya koma gida me zai ce? Sai ya ce ɗan birni ya cuce shi. Yau da gobe, har sunan ya zama na mai wayon tsiya. Ku gwada waɗannan:

5. "Kakansa ma ɗan birni ne." Asali ke nan.
6. "Yi hankali da shi, ɗan birni ne." Macuci ke nan, ko da bai taɓa ganin ganuwa ba.

Kalma ɗaya, fuska biyu. Su kuma mutanen birni suka rama da "baƙauye" da "bagidaje", waɗanda ba su da wani amfani a bakin malami.

To, ina mafita? In kana shakka, kira mutum da sunan ƙasarsa: Bakano, Bakatsine, Basakkwace, Bazazzagi. Ko a nan ma da sauran lura. Kanawa da Zage-zagi abokan wasa ne, abin da za su faɗa wa juna a yi dariya, in ya fito daga bakin wani dabam sai ya zama faɗa. A gaban manya kuwa, ko cikin takarda, "mutanen gari" ya fi kowane ladabi.

Ga aiki. Kowa ya rubuta jimla uku da "ɗan gari", ɗaya ta mutum, ɗaya ta ƙaramin gari, ɗaya ta garin tuwo. Sa'an nan ya rubuta biyu da "ɗan birni", ta yabo da ta suka, ya karanta wa abokinsa. In abokin ya tsaya tambaya wacce ce wacce, to, da sauran gyara.