Masara a Cikin Tankin Mota

Mu da muke noman masara domin tuwo da kunu, ya kamata mu san abin da ake yi da ita a ƙasar Amurka. Can ana niƙa ta, a jiƙa, a bar ta ta yi tsami, a tace wani ruwa mai kama da barasa, sunansa etanol. Shi ake garwayawa da asansi, lita 1 cikin kowace lita 10. Dusar da ta saura, dabbobi ake ba.

A shekara ta 2005 gwamnatin ƙasar ta kafa dokar da ta tilasta wa kamfanonin mai yin wannan gami, a 2007 kuma ta ƙara yawansa. Manoma suka yi murna, masara ta yi daraja. Kamfanonin mai kuwa suka tirje, suka yi ta kai ƙara kotu. Sun ce idan etanol ya kai kashi 15 cikin 100 yana ɓata injin tsohuwar mota. Mu dai ba mu ga alamar tausayin mai mota kaɗai ba ne: duk etanol ɗin da aka zuba, gurbin asansinsu ya ci.

Sai dai akwai maganar ciki. Fiye da kashi 1 cikin 3 na masarar Amurka wajen etanol take tafiya, kuma ana lissafa wannan cikin dalilan tsadar cimaka ta 2008, wadda ta iso har kasuwanninmu. A 2012 fari ya ƙone gonakinsu, masu kiwo da gwamnonin wasu jihohi suka roƙi a sassauta dokar. Gwamnati ta ƙi.