Malami da yaro mai naƙasa

A lakkwal da yawa na ƙasarmu, mushe guda ne ke riƙe da aji cike maƙil da yara. A cikinsu akwai wanda ba ya ji sosai, akwai wanda ba ya gani da kyau, akwai gurgu. Kowane da tasa bukata.

Malami mutum ne. In aiki ya yi masa yawa, ga albashi ya yi jinkiri, ga ba kayan aiki, sai gajiya ta kama shi. Ba ya barci, kai na ciwo, abu kaɗan sai fushi. Wannan ba ƙyuya ba ce. Nauyi ne ya fi ƙarfin mutum guda.

To, wa ke fara cutuwa? Yaro mai naƙasa. Shi ke bukatar a maimaita masa, a zauna kusa da shi. In malami ya gaji, sai a bar shi can baya. Yau ya zo, gobe bai zo ba. Daga nan sai bara.

Alhali naƙasa ba kasawa ba ce. Louis Braille, wani makaho na Faransa, ya fito da rubutun makafi a 1829. Da ɗigo 6 ake haɗa baƙaƙensa, ana karantawa da yatsa. Kurame suna karatu da maganar hannu. A Yamai akwai lakkwal ta makafi da ta kurame. A 2008, Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu. Karatu na cikin haƙƙin nan.

Me za mu yi, mu uwaye?

Mu gaya wa malami lalurar yaronmu tun ranar shiga. Mu roƙa a zaunar da shi gaba, kusa da allo. Mu kai shi likita a duba ido da kunne. Mu sa ɗan maƙwabci ya riƙa raka shi. In an kira taron uwayen yara, mu je, mu nemi ƙarin malami da kayan aiki. Mu riƙa leƙa malami muna yi masa sannu da aiki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi

1. Me ke kawo gajiyar malami?
2. Da ɗigo nawa ake haɗa baƙaƙen makafi?
3. A garinku, yara masu naƙasa nawa ne ba su zuwa lakkwal? Me ya hana su?