Kayan Su Ga Mai Koyo

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan kogin Sakkwato a shekarar 1978, kifi ya samu wurin zama rani da damina. Samari da yawa daga Talata Mafara da Bakura da Maradun suna son shiga sana'ar su. Amma wasu sukan sayar da akuya, su sayi babbar raga, alhali ba su iya jefa ta ba. Sai ta maƙale a kututture, kuɗi su bi ruwa.

Mai koyo ya fara da fatsa. Abin da yake bukata kaɗan ne: sanda mai lanƙwasa, da zare mai ƙarfi, da ƙugiya. Ƙaramar ƙugiya ta karfasa ce, don bakinta ƙarami ne. Tarwaɗa kuwa tana da faɗin baki, sai ƙugiya babba da zare mai kauri. Dukansu suna cin tana. Tana kuma ba saye ake yi ba, a gefen fadama ake tono ta.

Idan hannu ya faɗa, sai ya sayi birgi. Ya auna idon ragar da yatsunsa. In yatsu uku ba su shiga ba, ya bar ta a kasuwa. Raga mai ƙananan idanu tana kwashe 'ya'yan kifi, baɗi a rasa na kamawa. Gidan sauro ma na kwana ne, ba na su ba.

Kafin ya shiga ruwa mai zurfi, ya gai da Sarkin Ruwa, ya bi tsohon masunci, kuma ya tabbata ya iya iyo.