Kayan Matafiyi Mai Babur

A zamanin da, fatake su kan tashi daga Kano da Katsina su nufi Gwanja sayen goro. Ɗaya daga cikin manyan hanyoyinsu ta bi ta ƙasar Yauri, inda su ke ƙetare kogin Kwara. Tafiyar ta kan ɗauke su watanni. Jakuna ne ke ɗauke da kayansu, su kan kuma kwana a zango, wani lokaci a bayan gari, wani lokaci a tsakiyar daji. Kafin ayari ya tashi, ko wane farke ya kan zauna ya tsara kayansa. Abin da ba shi da amfani a hanya sai ya bar shi gida, gama ya san jakin da aka labta wa kaya fiye da ƙarfinsa ba ya kai zango.

Yau babur ya gaji jaki. Malamin gona, da mai allurar rigakafi, da mai sayen kifi ko albasa, duk su kan hau babur daga Birnin Yauri ko Yelwa, su shiga ƙauyukan Ngaski da Shanga, su yi kwana biyu ko uku ba su komo ba. A Turai da Amurka ma akwai mutanen da ke yawon ganin ƙasa a kan babur, suna ɗauke da tantinsu. Dukansu dokar fatake su ke bi, watau a ɗauki kaɗan, amma a ɗauki abin da ya wajaba.

To, yaya mutum zai san abin da ya wajaba? Ko wane abu ya ɗauka, ya yi wa kansa tambaya uku. Ta fari, wannan abu zai tsare lafiyata? Ta biyu, yaya nauyinsa? Ta uku, zai yi mini aiki fiye da ɗaya? Abin da ya kasa cin wannan jarrabawa, ya zauna gida.

Kafin ya amsa, sai ya san ƙasar da za shi. A shekarar 1968 aka gama gina madatsar ruwa ta Kainji. Ruwan Kwara ya taru a bayanta ya zama babban tafki, wanda tsawonsa ya fi kilomita 130, ya miƙo arewa har wajen Yelwa. Ruwa ya cinye tsibirai da garuruwa da yawa, aka gina wa mutanensu sababbin mazauna. Inda ruwa ya ke kwance kuwa, nan sauro ya ke yaɗuwa. Da damina hanyoyin ƙauye su kan yi taɓo, da hunturu kuma sanyin bakin ruwa ya kan ratsa ƙashi. Wanda ya san wannan ya san rabin kayansa.

Mu fara da kayan kwana. Sarkinsu shi ne gidan sauro, musamman mai magani. Macen sauro ce ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, da dare kuwa ta fi cizo. Gidan sauro ba shi da nauyi, in an naɗe shi bai fi ƙaramin matashin kai ba, amma ya kan raba mutum da jiyyar kwanaki. Na biyunsa tampol. Shi ya fi kome cin jarrabawar nan ta uku. Ana tafiya, ya rufe kaya kada ruwa ko ƙura su taɓa su. An sauka, a ɗaure shi da igiya tsakanin itatuwa biyu ya zama rumfa. In ƙasa na da danshi, a shimfiɗa shi ƙarƙashin tabarma. Tanti yana da kyau ga mai halinsa, sai dai ya zaɓi ƙarami, mai raga a ƙofa, wanda ya riga ya gwada kafa shi a gida. Tabarmar roba ta fi katifa, don ba ta shan ruwa, ga sauƙin naɗewa. A watan Disamba da Janairu kada a manta da bargo.

Sai ruwa da guzuri. Ruwa yana da nauyi, gama lita ɗaya kilo ɗaya ce. Wanda ya cika jarka mai lita 4 ya ƙara wa babur ɗinsa kilo 4 ke nan. Duk da haka ba a barinsa. Kada ku ce ai ga tafki, me za a yi da jarka? Ruwan tafki da na rafi ba a shansa sai an tafasa shi. Saboda haka matafiyi ya ɗauki 'yar tukunya ɗaya da ashana, ya sa ashanar cikin leda kada ta jiƙe. Tukunyar nan ita ce ta tafasa ruwa, ita ce ta dahuwa, ita ce kuma kwanon ci. Ya guji wanka a gefen tafki inda ruwa ba ya gudu, gama a irin wurin nan a ke kamuwa da tsagiya, cutar da ke sa fitsarin jini. Buta ta ishe shi alwala da wanke jiki. Wajen guzuri kuwa, kakanninmu sun riga sun koya mana: busasshen abu ya fi ɗanye. Garin rogo, da ƙuli-ƙuli, da soyayyiyar gyaɗa, da dabino, da busasshen kifi, ba su da nauyi, ba su kuma lalacewa da wuri.

Na uku kayan gyara. Babur na iya tsayawa inda babu makaniki ko ɗaya. Ya kamata a sami sipana, da filaya, da sukurdireba, da famfo, da kayan faci, da fulogi guda na ajiya. Amma kayan aiki a hannun wanda bai iya ba, nauyi ne kawai. Matafiyi ya koyi cire taya da yin faci tun yana gida. Ya haɗa da tocila, da bandeji, da maganin ciwo. Hular kwano kuwa ba a lissafa ta cikin kaya, gama a kai ta ke zama. Tun ran 1 ga Janairu na 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta soma tilasta wa masu babur sa ta, don raunin kai ya fi ko wane rauni haɗari.

Zaɓen kaya rabin aiki ne, ɗaurinsu shi ne sauran rabin. Kun taɓa lura da mangalar jaki? In gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi, sai ta zame. Haka babur ya ke. A raba kaya daidai, dama da hagu. Masu nauyi su zauna ƙasa, kusa da bayan mai tuƙi, marasa nauyi su hau bisa. In an tara nauyi can ƙarshen kariya, sai ƙafar gaba ta yi sakayau, kan babur ya riƙa rawa a cikin yashi. A ɗaure tamau da roba ko igiya, kada a bar bakin igiya yana reto kusa da sarƙa ko taya. Kada kome ya taɓa salansa, don tana da zafi, za ta narkar da leda ta ƙona bargo. In an ɗauki fetur a jarka, a nisanta shi da abinci da wuta. In an yi ɗan nisa, a tsaya a sake duba ɗauri.

Wani lokaci tafiya ta kan kai mutum ga mashigi, ya sa babur cikin jirgi. A nan ma yawan kaya abin tsoro ne. A watan Mayu na 2021 wani jirgi da aka cika da mutane da kaya ya nutse kusa da Wara a ƙasar Ngaski, mutane da yawa suka rasu. Allah ya ji ƙansu. Matafiyi in ya ga jirgi ya cika, ya haƙura ya jira na baya, in kuma akwai rigar ruwa ya sa ta. Tafiya sannu sannu kwana nesa.

A ƙarshe, ina za a kwana? Fatake ba su kwana ɗaiɗai, ayari su ke yi. Mai babur ma kada ya kwana shi kaɗai a daji, gama ba ko wace hanya ce ke da lafiya ba. Ya tambayi labarin hanya kafin ya tashi, ya gaya wa mutanen gida inda za shi. Ya sauka tun rana ba ta faɗi ba, ya tafi ya gai da mai gari, ya nemi izinin wurin kwana. Ya zaɓi tudu. Kada ya shimfiɗa a busasshen rafi, don ruwa na iya zuwa cikin dare, ko a gaɓar tafki, inda dorina ke fitowa kiwo. Da safe ya kakkaɓe takalminsa saboda kunama, ya kashe wutar da ya hura, ya share wurin, ya yi wa masu gari godiya.

Yara, wata rana ku ma za ku yi tafiya. Ku tuna, ba a gane matafiyin kirki da tulin kaya, sai da sanin amfanin ko wane abu da ya ɗauka.

Tambayoyi

1. Waɗanne tambayoyi uku matafiyi zai yi wa kansa kafin ya ɗauki abu?
2. Ku faɗi amfanin tampol guda uku.
3. Mutum ya cika jarka biyu da ruwa, ko wace mai lita 4. Kilo nawa ke nan?
4. Don me ba a tara nauyi a ƙarshen kariya?
5. Ku rubuta sunayen abubuwa goma da za ku ɗauka in za ku yi tafiyar kwana biyu da hunturu.