Darasin Lafiya: Ƙwayar Epstein-Barr da Cutar MS

Iyaye da 'yan uwa, darasinmu na wannan karo kan wata ƙwayar cuta ce da kusan kowane gida ke ɗauke da ita ba tare da an sani ba. Sunanta Epstein-Barr, dangin ƙwayar farankama ce, kuma ta yawu take yaɗuwa. An gano ta a Landan a 1964. Cikin manya goma, fiye da tara sun taɓa kamuwa. A ƙasashenmu na Afirka yawanci yaro na ɗaukarta tun yana ƙarami, ta wuce shiru. A Turai da Amurka kuwa, sau da yawa sai an balaga, ta zo da zazzaɓi, ciwon maƙogwaro da kaluluwa.

Idan ta shiga, jiki yakan ƙera sinadaran kariya, kuma sawunsu na zama a jini har abada. Da wannan sawu masana suka bi diddiginta.

Ita MS cuta ce da garkuwar jiki ke juyowa ta cinye rigar da ke lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, kamar ɓera ya ci robar wayar lantarki. Takan fara tsakanin shekara 20 zuwa 40, kuma ta fi kama mata.

A 2022 masanan Jami'ar Harvard suka fitar da bincike kan sojojin Amurka fiye da miliyan 10. Cikin mutum 801 masu MS da aka gwada ajiyayyen jininsu, 800 sun riga sun kamu da ƙwayar kafin cutar ta bayyana. Haɗarin ya ninka sau 32 bayan kamuwa. A shekarar kuma masanan Stanford suka nuna cewa wasu sinadaran kariyar kan yi ɓatan kai, su kai wa wani sinadarin ƙwaƙwalwa hari saboda ya yi kama da na ƙwayar.

To, mene ne namu a ciki? Na farko, wanda gwaji ya nuna sawun ƙwayar a jininsa kada ya tayar da hankali. Ƙalilan ne ƙwarai ke samun MS. Gado, shan taba, ƙiba a ƙuruciya da ƙarancin bitamin D duk suna da hannu.

Na biyu, MS ta fi yawa a ƙasashen sanyi, kuma yaran da suka tashi a can haɗarinsu kan kusanci na 'yan ƙasar. Idan 'yarku ko jikanku ya ce ido ɗaya ya dushe, ko ƙafa ta mutu na kwanaki sannan ta warware, kada a ce ai ya wuce, kada kuma a ɗora wa sammu. Zuwa da tafiya halin cutar ne. A ga likita, a tambayi hoton MRI. Ba a samu maganin warkewa ba tukuna, amma akwai magungunan da ke rage tashinta, kuma sun fi amfani idan an fara da wuri.